Ƙasar Dalma: Kwana Uku A Tsaunukan Ozark

Jihar Misuri, wadda ke tsakiyar Amurka, ba ta cikin wuraren da baƙo daga ƙasarmu kan yi ɗokin gani. Ba ta da teku, ba ta da dogayen benaye irin na New York, kudancinta kuwa daji ne da ƙananan tsaunuka da ake kira Ozark. Amma duk wanda ya ji labarin gubar dalma a Zamfara yana da dalilin sanin wannan jiha, domin da dalma aka gina kudu maso gabashinta. Tun wajen 1720 Faransawa suka fara haƙar ta a wurin da ake kira Mine La Motte, kuma har gobe ba a daina haƙa a jihar ba.

Idan aka bar birnin St. Louis aka nufi kudu, ba a cika sa'a guda ba za a iso wani ƙaramin gari a bakin kogin Misisifi mai suna Herculaneum, wanda aka kafa a 1808. Abin da ya jawo mutane nan shi ne tsayin duwatsun gaɓar kogin. A kansu aka gina hasumiyoyi inda ake tsiyayo narkakkiyar dalma ta cikin rariya, ɗigon ya dunƙule a iska kafin ya faɗa cikin ruwa a ƙasa, ya zama ƙwayoyin harsashi. Daga baya, a 1892, aka buɗe babbar masana'antar narka dutsen dalma a garin, ta yi shekara 121 tana aiki. Da aka rufe ta a ƙarshen 2013, ita ce irinta ta ƙarshe a duk Amurka. Kafin nan an samu dalma mai yawa a jinin yaran garin, har ta kai ga an saye gidajen da ke kusa da ita an kwashe mazaunansu. Filayen suna nan shafe, sai ciyawa da titunan da ba su kai kowa gida.

Daga nan hanya ta karkata cikin tsaunuka zuwa Bonne Terre da Park Hills. A Bonne Terre, ramin haƙar da aka bari a 1962 ya cika da ruwa, yanzu masu ninƙaya ke biyan kuɗi su nutsa cikinsa. A wajen wani ƙauye da ke gaba kaɗan na sauka, gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kanikanci, wanda abokin tafiyata ya haɗa mu. Abin da ya fi so a duniya, bayan jikokinsa, shi ne zuba harsashi da hannunsa don farautar kurege da zomo.

Na san yadda wannan magana za ta faɗo a kunnen mai karatu a Gusau ko Birnin Gwari, inda kalmar bindiga ta daɗe da rabuwa da farauta. Ni ma da nauyin zuciya na shiga rumfar tasa. Abin da na tarar ya fi kama da shagon maƙerin fari. Ga 'yar tukunyar lantarki da ba ta fi kwanon sha ba, dalma na ƙyalli a ciki kamar azurfa, domin a zafin digiri 327 take narkewa. Ga mazubi na ƙarfe mai ɓari biyu da mariƙin katako. Ya cika shi, ya dakata kaɗan, ya buɗe, sai harsashi ya faɗo kan tsumma, bai kai kan ɗan yatsa ba. Kowane ɗaya sai ya juya shi a haske. Wanda ya ga ya yamutse ko gindinsa bai cika ba, ya mayar da shi tukunya. Waɗanda suka tsira ya daidaita kaurinsu, ya shafa musu wani kakin da ke hana dalma manne wa cikin bindiga, sannan ya ɗora su a bakin tsofaffin kwansuna na tagulla da ya wanke. Albarushi kuwa ba ya kintacensa. Yana da ma'auni da littafin masana'anta a buɗe, kuma da ya zo wannan gaɓa sai ya ɗaga mini hannu, hira ta tsaya cak.

Na tambaye shi dalilin wannan wahala, alhali kanti na sayar da harsashi. Amsar tasa ta fara daga bindigar kanta. Libarba ce ƙarama mai ɗaukar harsashi shida, samfurin da suke kira .32, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da dogon nau'insa a 1896. A da 'yan sanda ne ke riƙe irinta, har aka ga ta yi musu rauni aka yi watsi da ita. Wannan raunin shi ne abin da maharbin kurege ke nema. Kuregen nasu na bisa itace ne, ba na rami ba irin namu na tatsuniya, kuma nauyinsa bai wuce rabin kilo da 'yan kai ba. Harsashi mai gudu da ƙarfi zai watsa shi, a tashi ba nama ba fata. Mai laushi kuma mai tafiya a hankali zai huda ya wuce, a kai gida a dafa. Akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta da araha, wato .22, sai dai kwansonsa ba ya sake amfani da zarar an harba, kuma a 2013 da 2020 ya yi ƙaranci a kantuna har mutane na bin layi. Kwanson .32 kuwa ana iya sake cika shi sau da yawa. Nauyin harsashin kamar giram shida ne, wato kilo ɗaya na dalma zai ba da fiye da 150.

Dalmar ma ba saye yake ba. Shekara da shekaru yana tara 'yan ƙarafan da masu gyaran taya ke maƙalawa a jikin wili don daidaita shi, ko da yake yanzu an koma yin su da tutiya da baƙin ƙarfe, abin da ke ba shi haushi ƙwarai. Abin da ya fi ji da shi wasu sanduna ne da ya samo daga wata maɗaba'a da ta rufe, ƙarfen da ake zuba haruffa da shi a injin Linotype, mai haɗin kuza da wani sinadari da ke ƙara masa tauri. Ya miƙo mini guntu ɗaya da layin rubutu a juye a jikinsa. Mai rubutu a jarida ba zai riƙe irin wannan bai ji wani abu ba.

Washegari da asuba muka shiga daji. Farautar ba ta da kida, ba karnuka, ba gayya. Mutum zai jingina da gindin itace ya yi shiru har dajin ya manta da shi, sannan ya saurari ɓawon 'ya'yan itace na faɗowa daga sama, alamar kurege na karin kumallo. Sai ya matso taku ashirin ko ƙasa da haka yake harbi, kuma kai yake nema. Sau biyu ya ɗaga bindiga ya sauke, don bai ga abin da zai tare harsashin a bayan dabbar ba. Da uku muka dawo, alhali doka ta ba shi goma a rana.

Wannan doka ita ce ta fi jan hankalina. Lokacin farautar kurege a Misuri yana buɗewa a ƙarshen Mayu ya rufe a tsakiyar Fabrairu. Akwai takardar izini, akwai jami'an daji masu dubawa. Tun 1937 wata dokar tarayya ta sa harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsasai ya riƙa komawa jihohi don kula da namun daji, a 1976 kuma mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu ƙarin haraji don wannan aiki. Ban ce Amurka ta iya zama da bindiga ba. Alƙaluman kisa a biranenta sun isa shaida. Amma a wannan ɓangare guda, kurege bai ƙare a dajin ba, kuma ba halin kirkin dattijon kaɗai ya tsare shi ba.

Inda muka saɓa shi ne kan dalmar. Shi yana ganin ya gama da ita. Ba ya narkawa sai ƙofa a buɗe, ba ya ci ko sha a rumfar, ba ya barin ɗigon ruwa kusa da tukunya don kada ta yi tsartuwa, yana wanke hannu kafin ya shiga gida, jikoki kuwa ko leƙe ba sa yi. Na yaba masa, domin abin da ya hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, shi ne ainihin akasin wannan: an kawo dutsen zinare mai dalma cikin gida ana daka ana niƙa, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe. Ya kuma kafa hujja cewa harsashinsa a dunƙule yake fita, ba ya farfashewa cikin nama kamar na manyan bindigogi. Akwai gaskiya a nan, amma rabinta ce. Harsashin da ya wuce yana nan a ƙasa, kayan cikin da aka yar kuma tsuntsaye ke ci. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagwar ruwa da dalma, jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da ita baki ɗaya daga Yulin 2019, da farko saboda wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Dattijon ya saurare ni, ya ce Kalifoniya ba Misuri ba ce, ya koma kan tukunyarsa.

A rana ta uku na tsaya gidan tarihin ma'adinai da ke Park Hills, cikin tsohuwar masana'antar niƙa dutse. A akwatunan gilashi an jera dutsen dalma da suke kira galena, wanda jihar ta ayyana a matsayin ma'adininta a 1967. Ƙyallinsa baƙi-baƙi ne, yana tsagewa gida-gida kamar an yanka da wuƙa. Ban buƙaci karanta allon bayani ba, don na sha ganinsa a faifan 'yan koli a kasuwanninmu. Shi ne dutsen da ake niƙa a yi kwalli. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, da aka samu dalma mai yawa a jininsa. Da aka bincika, sai aka gano kwallin da ake zizara masa a ido ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na garin dalma ce tsantsa.