Dangar makiyaya cikin dusar ƙanƙara: ziyara a Niyu Meksiko

Da a ce kafin wannan tafiya wani ya gaya mana akwai hamadar da ake kwana a tashi a tarar da ita fari fat, da mun ce labarin ƙanzon kurege ne. To, gani ya kori ji. Cikin watan Janairu muka sauka a Santa Fe, babban birnin jahar Niyu Meksiko a kudu maso yammacin Amurka, muka iske gidajen ƙasa jajaye, irin na Agadas da Damagaram, kowane ɗauke da dusar ƙanƙara a bisa soronsa. Ruwan da garin yake samu a shekara bai kai milimita 400 ba, kusa da abin da Damagaram ke samu. Bambancin shi ne garin yana bisa tudu da ya haura mita 2,100, shi ya sa wani kaso na ruwan yake sauka daskararre lokacin ɗari.

Mutanen Sifaniya suka mai da Santa Fe babban birni a 1610, a ƙasar da Indiyawan Fuwebulo suka daɗe suna noma. Tare da su wasu kalmomin Larabci suka ƙetaro teku. Ginin ƙasa suna ce masa adobe, daga aɗ-ɗub. Magudanar ban ruwa kuwa asekiya, daga as-saƙiya.

Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne danga. Sanduna ne sirara na itacen daji, ba a ɓare musu ɓawo ba, an kafa su kusa da kusa an ɗaure da waya, kawunansu wani ya fi wani tsawo. Suna kiran ta dangar koyoti, da sunan wata dabba mai kama da dila wadda ke ɗauke kaji da ƴan raguna. Talakawan ƙauye suka ƙago ta don tsaron garke. Yau masu hali ne ke sayen sandunan da tsada su kewaye gidajensu don ƙawa.

A titin Kanyon, inda shagunan zane suke jere, muka shiga wurin wata dattijuwa wadda sana'arta ɗaukar hoton waɗannan dangogi ne cikin hunturu. Hoton baƙi da fari take ɗauka, ta wanke shi a takarda marar ƙyalli, sannan ta zauna ta sa masa launi da hannu. A gabanmu ta ɗiga fenti mai haɗe da mai, ta murza shi da auduga har ya yi shara-shara, hoton da ke ƙasa yana fitowa ta cikinsa. Wurare masu ƙanƙanta kuwa, sai ta naɗa auduga a bakin tsinken sakace. Sandunan ta ba su ruwan ƙasa, inuwarsu ta ba ta shuɗi kaɗan, dusar ƙanƙara kuma ba ta taɓa ta ba, farin takarda ya wadatar. Sai hoton ya yi kwanaki kafin ya bushe, kuma ko daga fim guda aka wanke biyu, ba za su fito iri ɗaya ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun wajen 1840 ake shafa wa hoto launi a Turai, kuma daga shekarun 1860 ta bunƙasa a Yokohama ta ƙasar Japan. Da fim mai launi na Kodachrome ya fito a 1935 sai kasuwarta ta fara ja da baya, har ta koma hannun masu yin ta don fasaha. Muka lura da abu guda: mai shafa launi ita ke zaɓen abin da ido zai faɗa a kai. A wani hoto ta ƙawata tsohuwar danga, amma wayar ƙaya da ta ratsa bayanta ta bar ta toka-toka, sai wanda ya ƙura ido zai gan ta.

Wannan waya ita muka yi ta gani washegari, da muka kama hanyar arewa zuwa Abikiyu, tafiyar kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Muka wuce ƙauyen Hernandes, inda Ansel Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a 1941, muka bi gefen kogin Cama. Dama da hagu waya ce, iyakar ganinka. A Abikiyu muka hau tudun Darul Islam, inda magini Hassan Fathi na Masar ya zo a 1980 tare da magina biyu ƴan Nuba aka ɗora masallacin tubali mai ƙubba. Muka yi alwala da ruwan da ya kusa ƙage mana yatsu, muka sallaci azahar.

A hanyar dawowa ne wani tsoho mai sayar da itacen wuta ya buɗe mana abin da hoton ya rufe. Kakanninsa makiyayan tumaki ne. A zamanin Sifaniya da Meksiko, kowane gida yana da gonarsa a bakin ruwa, daji da makiyaya kuwa na gari ne duka. Da Amurka ta karɓi ƙasar bisa yarjejeniyar 1848, an yi alkawarin kiyaye dukiyar mazauna. Amma a 1897 kotun ƙoli ta yanke cewa filayen gamayya na gwamnati ne. Mutanen San Migel del Bado, waɗanda shari'ar ta shafa, daga eka kusan 315,000 aka bar musu wajen 5,000. Wayar ƙaya, wadda Yusuf Gilidin ya yi wa rajista a 1874, ita ta tabbatar da sababbin iyakoki a ƙasa. Ɗacin abin bai gushe ba, har a watan Yuni na 1967 wasu masu neman filayen suka kutsa kotun Tiyera Amariya da bindigogi. Tsohon ya nuna mana tudun da tumakin kakansa suke hawa da bazara. Yau sai da takardar izini ake kai dabba can.

Muka yi shiru, domin duk wanda ya taɓa ganin burtali ya koma gona a ƙasarmu ya san inda irin wannan magana take ƙarewa. Dangar sanduna dila take tarewa, maƙwabci kuma ya san ƙofarta. Waya kuwa makiyayi ta tare.

Kafin mu baro garin mun koma shagon dattijuwar, muka sayi ƙaramin hoton nan mai waya a bayansa. Yana rataye a zaurenmu a Maraɗi. Yara in sun shigo, farin da ke ƙasa suke tambaya, ko gishirin Bilma ne. Manya kuwa, bayan an sha shayi, mukan kai su kusa mu nuna musu wayar. Allah ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, amin.