Lahadi a Tchibarakaten

Daga Arlit ba a kama hanyar Tchibarakaten yadda aka ga dama. Sai motoci sun taru, soji sun shirya rakiya, sannan ayari ya tashi, domin 'yan fashi sun san abin da ake ɗaukowa daga can. Muka nausa arewa maso gabas cikin tsakuwa da rairayi, har kusa da iyakar Aljeriya. A 2014 aka ga zinariya a Jado, sannan a nan, kuma da gwamnati ta rufe Jado a 2017 sai jama'a suka ƙara kwararowa. Yanzu wurin ya zama gari na rumfuna da ramuka da ƙarar injin niƙa dutse. Ga Buzaye, ga Tubawa, ga Hausawa, ga mutanen Sudan da Cadi, kusan duk maza. Ruwa da mota ake kawo shi daga nesa, a sayar tano-tano.

Wanda muka zauna kusa da juna a mota wani dattijo ne bakanike, mutumin Maraɗi. Da muka sauka salla, shi ya tsaya yana gadin kayanmu, ashe Kirista ne. Na ce, "Baba, to a can wace majami'a kuke zuwa?" Ya yi dariya, ya ce in leƙo ran Lahadi.

Majami'ar tasu rumfa ce ta buhu da langa-langa, mutanen cikinta ba su taka kara sun karya ba. Akwai ɗan Baptis, akwai ɗan EERN, ikkilisiyar da ta tsiro daga aikin mishan na SIM, akwai wani yaro ɗan ECWA da ya taso daga Najeriya. Babu fasto. Wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wani ya juya da Faransanci. Da aka tashi suka yi karo-karon kuɗin mota, a kai wani da rami ya rufta wa a ƙafa likita a Arlit. Ban ji an tambayi ɗariƙarsa ba.

A Nijar Kirista ba su da yawan da za su yi ta jayayya. SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, kuma abin da talaka Musulmi ya fi sani daga aikin nan shi ne asibitin Galmi na 1950 da na kutare a Danja. Majami'un bishara da ƙungiyoyin mishan suna da inuwa ɗaya, AMEEN, wadda amfaninta ya fito fili a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai kan zanen jaridar Charlie Hebdo. Wuta ba ta tantance ɗariƙa ba. 

Sai dai ni a ganina haɗin kan nasu ya tsaya a manyan garuruwan kudu, alhali mutane sun yi arewa neman abinci. A nan ƙura na cin huhu, sinadarin wanke zinariya na cin jiki, rami na rufta wa mutane. Majami'a ɗaya ba ta da ƙarfin ajiye malamin asibiti da motar ɗaukar majinyata a wannan nisa, amma in an haɗa aljihu za a iya. Shugabannin AMEEN, ku aiko a zo a duba.