Furen da Ba Ya Son Tarairaya

Shekarar da bishiyar gwaibarta ta bushe, wata dattijuwa a Damagaram ta yanke ƙauna da shuka a tsakar gidanta. Ruwan da take saye wurin ƴan ga-ruwa da ƙyar yake isar sha da girki, balle a zuba wa ƙasa. Ana nan sai maƙwabciyarta ta miƙo mata wasu rassa masu tsawon yatsa ta kan katanga, ta ce, "Hajiya, soka waɗannan cikin yashi, ki manta da su."

Tsiron ɗan'uwan fasa-ƙaba ne, masana tsirrai na kiransa Portulaca grandiflora tun 1829. Asalinsa Kudancin Amurka, wato Ajantina da Yurugwai da kudancin Barazil. Ganyensa sirara ne masu kauri, a cikinsu yake ajiye ruwa. Ba ya tsawo, yaɗo yake yi har ya rufe ƙasa kamar tabarma. Mutanen Barazil na ce masa "ƙarfe goma sha ɗaya", na Biyetnam kuwa "ƙarfe goma", domin sai hantsi ya ɗaga furensa ke buɗewa, da rana ta karkata ya rufe.

Dattijuwar ba ta iya mantawa da rassan ba. Tausayi ya sa ta dasa su a inuwar zaure, cikin laka, tana ba su ruwa safe da yamma da abin da ta rage daga na girki. Kafin mako biyu gindinsu ya yi baƙi, suka ruɓe. Ta yi asarar ruwan, ta kuma ji kunyar komawa roƙo.

Da ta daure ta koma, sai ta bi maganar da aka gaya mata tun farko. Ta zaɓi wurin da rana ke duka yini guda, ta gauraya yashi da taki kaɗan, ta bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin rassan. Ba ta zuba ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe ƙamas, shi ma moɗa ɗaya.

A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangaru ke neman inuwa, gindin katangar ya cika da fure ja da rawaya da fari. Kowane fure yini ɗaya yake yi, washegari wani ya maye gurbinsa. Yanzu ita ce ke karyar rassa tana miƙa wa wasu ta kan katanga, tare da gargaɗin kada su kusanto su da randa.