Tabkin Vostok da ruwan da ke tafiya ƙarƙashin ƙanƙara

A can ƙuryar kudancin duniya, cikin nahiyar Antaktika, akwai wata tashar bincike mai suna Vostok, wadda Tarayyar Sobiyet ta kafa a 1957. Babu itace, babu ciyawa, sai farin fili iyakar ganin ido. A nan ne aka auna sanyin digiri 89,2 ƙasa da sifiri ranar 21 ga Yuli 1983.

Abin mamaki, ƙarƙashin tashar, bayan ƙanƙara mai kaurin kusan kilometir 4, wani tabki ne kwance, tsawonsa wajen kilometir 250, faɗinsa 50. A 1996 masana suka tabbatar da girmansa, a Fabrairun 2012 kuma Rashawa suka huda har suka taɓa ruwansa. Dalilin da ya hana shi daskarewa biyu ne: ɗumin da ke tasowa daga cikin ƙasa, wanda ƙanƙarar ke rufewa kamar bargo, da kuma nauyinta, wanda ke sa ruwa ya jure sanyin digiri 3 ƙasa da sifiri.

Vostok ba shi kaɗai ba ne. Ƙidayar 2022 ta samu tabkuna 675 a ƙarƙashin Antaktika. Da farko an zaci kowane a rufe yake kamar tulu, sai tauraron ɗan Adam ya nuna akasin haka. Tsakanin 1996 da 1998, a yankin Adventure Trench, doron ƙanƙara ya lotsa da metir 3, a daidai lokacin da ya kumbura a wani wuri mai nisan kilometir 290. Tabki ɗaya ne ya juye ruwansa cikin waɗansu a watanni 16. Nauyin ƙanƙara ke tura wannan ruwa, har yakan hau tudu.

Ga inda gizo ke saƙa: ruwan yana sa ƙanƙara santsi a kan dutse. Da tabkuna biyu suka zube ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Byrd tsakanin 2005 da 2007, gudunsa zuwa teku ya ƙaru da kashi 10 cikin 100. Duk ƙanƙarar da ta sauka teku daga tudu tana ƙara masa tsayi, kuma wadda ke Antaktika, in ta narke duka, za ta ɗaga shi da kimanin metir 58. Ko metir ɗaya ya isa ya damu biranen gaɓa irin su Kwatanu da Lome, waɗanda ƴan kasuwarmu suka san tashoshin jiragen ruwansu. Shi ya sa masana ke ta auna hawa da saukar waɗannan tabkuna daga sama.