Ranar Da Aka Naɗa Ni Amirin Tafiya



'Yan'uwana matasa, duk shekara idan damina ta kankama sai wannan labari ya dawo mini, in yi niyyar rubuta shi, sa'annan in fasa. Dalilin fasawar ba ɓoyayye ba ne: laifin da ke ciki nawa ne.

A shekarar 2009 muna da wata 'yar ƙungiya ta masu babur a Dogarawa. Akwai 'yan acaɓa a cikinmu, akwai masu shago a kasuwar Sabon Gari, akwai ɗalibai biyu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ni kuma ina koyarwa a wata Islamiyya. Muna zuba adashi duk Juma'a, kuma idan biki ko rasuwa ta sami ɗayanmu sai mu yi jerin gwano mu raka shi. Baburanmu ba wasu manya ba ne, Jincheng ne da Bajaj irin na kowa. A watan Agusta na shekarar, wanda ya zo daidai da Sha'aban, lokacin da ake ta gaggawar ɗaura aure kafin azumi, ɗaya daga cikinmu ya tashi yin aure a Jos. Aka sa ɗaurin auren ranar Asabar da ƙarfe 2:30 na rana. Ango ya wuce a mota tun ranar Alhamis, mu kuwa muka ce ai ba za a ce 'yan ƙungiyar babur sun je a motar haya ba.

Babura 11 muka tashi, mutum 14. Kafin mu hau, ni ne na tunatar da su hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya koyar da cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Nan take suka ce to ai malam ya samu, ni ne amir. Na ɗan yi noƙe-noƙe irin na al'ada, alhali kuwa a zuci na ji daɗi. Wanda ya cancanta yana tsaye a gefe: dattijon ƙungiyar, da muke ce wa Baba, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a kan wannan hanya kafin ya koma babur. Na san nassin, shi kuma ya san hanyar, aka zaɓi mai nassi.

Daga Zariya zuwa Jos ya haura kilomita 200. Mun shirya tashi bayan Asuba, amma jiran wane da wane ya kai mu ƙarfe 8:00. Muka bi ta Maigana da Soba, muka wuce Dutsen Wai, muka sha mai a Pambeguwa, lokacin lita tana naira 65. Hular kwano kuwa kusan kowa yana da ita, domin tun 1 ga Janairun shekarar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara kama marasa ita, har ana ta labarin masu kifa ƙwarya a ka. Sai dai a hannun babur muke rataye ta, ba ta hawa kai sai an hango shinge.

Wajen ƙarfe 12:00 muka isa Saminaka, gonakin masara sun rufe hagu da dama. A nan ne Baba ya ja ni gefe ya nuna mini gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya ce, "Malam, wannan ruwan a kan dutse zai same mu. Mu zauna nan ya sauka ya wuce. Aure ko ba mu za a ɗaura shi." Ya ƙara da cewa ya duba tayoyinmu, uku sun suɗe, babu sauran zane a jikinsu.

Abin da na ce masa shi ne abin da ya fi damuna har yau. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Haba Baba, ina tawakkali? Abin da Allah bai rubuta ba ai ba zai same mu ba." Samari suka yi kabbara. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To Malam, Allah ya kai mu lafiya."

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, maganar da na faɗa gaskiya ce, amma ba don gaskiyarta na faɗe ta ba. Tsoro nake kada a ce amir ya ji tsoron ruwa, kuma ina son a gan mu mun shigo wurin ɗaurin aure a jere ana kallo. Na san hadisin Tirmizi game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sa'annan ya dogara ga Allah, na sha karantar da shi ga yara. Na san aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Na zaɓi nassin da ya dace da son raina na bar sauran, kuma na yi amfani da shi wajen rufe bakin dattijon da ba zai iya ja da malami a gaban jama'a ba. Hatta salla na ce a bari sai mun isa, alhali tafiyar ta wuce mil 48 da Risala ta ambata don yin ƙasaru, kuma da mun ɗan jira rana ta karkata muna iya haɗa Azahar da La'asar a nan Saminaka, mu ga yadda hadarin zai ƙare.

Bayan mun wuce Jingir ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai taɓa hawa tudun Jos a kan babur ba zai yi wuya ya gane bambancin. Zariya tana wajen mita 650 ne sama da teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, saboda haka sanyin dabam ne, cikin ɗan lokaci yatsu suka ƙage har kama birki ya zama aiki. Hanyar tana hawa tana gangara, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu. Ruwan farko yana taso da man da manyan motoci suka zubar a kan kwalta, sai titi ya yi santsi kamar an shafa sabulu. Birki idan ya jiƙe ba ya kamawa da wuri. Duk tirelar da ta wuce sai ta watsa mana ruwa mu daina gani na ɗan lokaci. Marasa hula ruwa yana dukan idonsu, masu hula kuma gilashin ya yi hazo. Ga kuma wata muguwar ɗabi'a da muka saba da ita a gida, ta kashe inji ko sakin giya a gangara don a rage shan mai. A shimfiɗaɗɗen titin Zariya ba ta cika kawo matsala ba, amma a kan dutse inji ne ke riƙe babur, idan ka sake shi ka bar komai a hannun birki.

Ina gaba, ban waiwaya ba. Ban sa kowa a baya ya tsare jeri ba, ban ma san ana yin haka ba. Sai da muka fake a wata rumfar masu sayar da kayan gwari, Baba ya ƙirga mu. Babura 10. Ƙaraminmu, yaro ɗan shekara 19 da mahaifiyarsa ta damƙa mini shi da safe a ƙofar gidansu, ba ya nan.

Ni da Baba muka juya. Mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin muka ga babur ɗinsa a kwance a bakin kwalbati, a ƙarshen wata gangara mai kwana. Babu shi a wurin. Gabana ya faɗi, domin watanni tara kacal ke nan da rikicin Jos na Nuwamban 2008, kuma tun daga gida ake ja mana kunne kada mu tsaya a ƙauyukan hanya. Allah ya gafarta mini zaton da na yi a wannan lokaci.

Wani yaro ne ya ɗago mana hannu daga wani gida a gefen dutse. Muka tarar da shi kwance a kan tabarma kusa da murhu, an lulluɓe shi da bargo, an ɗaure masa ƙafa da kara da tsumma. Maigidan, manomi ne Kirista, shi da matarsa suka ɗauko shi daga cikin lambatu kafin ruwa ya shanye shi. Ya yi mana faɗa da Hausa sosai, ya ce wane irin mutane ne za su bar yaro a baya. Ban sami amsa ba. Da ya ga muna duban agogo, sai ya sa aka kawo mana ruwa a buta, ya nuna mana gabas, muka haɗa Azahar da La'asar a zaurensa. Shi ne kuma ya tare a-kori-kurar da ta kai yaron asibiti a Jos. Mun ba shi kuɗi ya ƙi karɓa.

An ɗaura aure ba mu. Ƙashin ƙaurin yaron ya karye wuri biyu, ya yi azumin shekarar a kwance, kuɗin adashinmu gaba ɗaya ya tafi a jinya. Baba bai taɓa tuna mini maganar Saminaka ba har Allah ya karɓi ransa, Allah ya jiƙansa. Hausawa na cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu dutse muka hau.

Da muka dawo na je wurin mahaifiyar yaron na durƙusa. Ta ce, "Malam, ƙaddara ce, tashi." Na ce, "Inna, ƙaddara ce, amma an gargaɗe ni na ƙi ji." Ta yi shiru mai tsawo, sa'annan ta ce ta yafe, amma kada in sake ɗaukar ɗan kowa a tafiya. Ban sake ba.

Yanzu shi magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana da shagon kayan babur, yana ɗan ɗingishi idan ya yi sauri. Ƙafar takan yi masa tsami kafin ruwa ya sauko. Shekaranjiya da yamma ya kira ni a waya yana dariya, ya ce, "Amir, a kwashe shanya, ƙafata ta ce hadari na tafe."