Na Ce wa Kawu Ba Shi da Komai

A danginmu ni ake kawo wa takardar asibiti. Na yi karatun kiwon lafiya matakin farko, na kuma daɗe ina aiki a ƙaramin asibiti, don haka duk wanda aka yi wa gwaji sai ya biyo ta wurina in duba masa. Wannan yardar ce ta sa kuskuren da na yi wa ƙanen mahaifiyata ya yi nauyi. Da wani ne ya faɗa masa abin da na faɗa, da wataƙila ya nemi ƙarin bayani. Da yake daga bakina ya ji, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Kawu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, a lokacin ya ba sittin baya kaɗan. Wuni yake a zaune a shago, da safe shayi mai kauri da burodi, da rana duk baƙon da ya zo a aika yaro ya sayo lemon kwalba a sha tare. Ya ajiye tumbi, mu kuma muna kiran hakan hutu. Mahaifinsu, wato kakana, shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa. Duk na san wannan ranar da ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗana, duba mini, an ce wai sugana ya ɗan hau."

Awon suga na safe kafin a ci komai ya nuna 117. Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Ciwon suga daga 126 yake farawa. Ba ka da komai." A ƙasan takardar an rubuta awon jininsa, 158 bisa 76. Na ce masa na saman ya ɗan hau, amma shekaru ne da gajiyar kasuwa, tunda na ƙasan bai kai 90 ba ai da sauƙi. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, ya tafi.

Bayan 'yan shekaru, wata asuba, Kawu ya tashi alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, baki ya karkace. A babban asibiti likitar da ta karɓe shi ta tambaya ko an taɓa gaya masa yana da hawan jini ko suga. Matarsa ta ciro tsohuwar takardar nan daga leda. Likitar ta duba, ta ɗora yatsa a kan 158 da 76, ta ce wannan tazarar kaɗai ta isa a ce an riƙe mutumin nan tun a lokacin. Ba ta san ni na duba takardar ba. Ina tsaye a bayanta.

Cuta da lafiya na Allah ne, amma shawarar da na bayar tawa ce. Daga baya na koma na karanta abin da ya kamata in sani tun farko, na gane a wurare biyu na kauce.

Na farko, na ɗauki lamba 126 a matsayin katanga: wanda ya tsallaka majinyaci ne, wanda bai kai ba lafiyayye. Jiki bai san da wannan katangar ba. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta ware tsakanin 100 da 125 a matsayin matakin gab da ciwon suga, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fara nata lissafin daga 110. Ta kowane ma'auni Kawu yana ciki. Wanda ke wannan matakin jikinsa ya riga ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, kuma ba kasafai wannan matsala ke zuwa ita kaɗai ba. Takan zo da tumbi, da hawan jini, da yawan kitse a jini. Haɗuwarsu ke cin jijiya, kuma ba sa jiran sai suga ya kai 126. Binciken da aka yi wa mazauna garin Hoorn na ƙasar Holan ya nuna jijiyoyin masu wannan matakin sun riga sun fara tauri, tun kafin a kira su masu ciwon suga.

Na biyu shi ya fi ci mini rai, don abin da na yi wa Kawu albishir da shi, shi ne alamar haɗarin. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya tana da danƙo. Duk bugu, kuma zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a yini, jijiyar na buɗewa ta karɓi jinin, sannan ta koma a hankali ta ci gaba da tura shi kafin bugu na gaba. Wanda ya taɓa yin ban ruwa a lambu ya san bambancin sabon tiyo da wanda ya sha rana ya ƙandare: sabo yana ba ruwa hanya, ƙandararre kuwa duk ƙarfin injin sai ya fita ta bakinsa. Idan jijiya ta yi tauri, lambar sama na hawa don babu abin da ke shanye ƙarfin bugun, lambar ƙasa kuma na sauka don babu danƙon da zai riƙe jinin tsakanin bugu da bugu. Ga wanda ya manyanta, tazarar da ta kai 60 tsakanin lambobin biyu alama ce ta wannan taurin. Ta Kawu 82 ce.

Shekaru da kansu na taurara jijiya, wannan babu makawa. Sai dai suga da ya daɗe yana yawo a jini, ko da kaɗan ya haura, yana manne wa zaruruwan da ke bangon jijiya ya ɗaure su da juna. Ƙin jin insulin yana rage sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki. Hawan jini na ƙara mata tauri, taurin kuma na ƙara hawan jini, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Zuciya na shan wahala ta fuska biyu: tana tura jini da ƙarfin da ya wuce kima har tsokarta ta yi kauri, ga shi ita kanta tana samun nata jinin ne a lokacin da ta saki, wato lokacin lambar ƙasan nan da ta ragu. Ƙwaƙwalwa da ƙoda kuwa, masu siraran jijiyoyi, su ke karɓar dukan kai tsaye.

Akwai na'urar da ke auna saurin tafiyar bugun jini tsakanin jijiyar wuya da ta matsematsi. A jikin matashi mai lafiya yakan yi kusan mita 6 a daƙiƙa guda, likitocin Turai kuma sun ɗauki abin da ya haura mita 10 a matsayin alamar lahani. Ba kasafai ake samun irinta a asibitocinmu ba, amma ba zan fake da hakan ba. Na'urar awon jini da ke kan teburina ta riga ta faɗa mini komai, ni ne ban iya karantawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ke hana ni yafe wa kaina da wuri shi ne, wannan matakin ne aka fi samun riba idan an tashi tsaye. A birnin Daqing na ƙasar Sin, a 1986, an ɗauki mutum 577 masu irin wannan matsalar, aka ɗora wasunsu a kan gyaran cima da motsa jiki tsawon shekara 6. Da aka bibiye su bayan shekara 30, waɗanda suka samu wannan kulawa ciwon suga ya jinkirta musu da kusan shekara 4, mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyin jini kuma ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Amurka ma, wani babban gwaji da aka fitar a 2002 ya nuna rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, har sun fi maganin metformin, wanda ya rage da kashi 31. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako. Daga gidan Kawu zuwa shagonsa a ƙafa ya kai haka.

Da na ce masa ya dawo a sake awon jinin, in ya tabbata na saman ya kai 140 ko na ƙasan ya kai 90 a fara magani. Da na sa tef ɗin shagonsa na auna ƙugunsa, tunda ga namiji abin da ya kai santimita 94 abin lura ne, ga mace 80. Da na yi magana da matarsa a kan gishiri da dunƙulen miya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule. Kawu mutum ne mai jin magana. Da ya yi.

Yanzu Kawu yana shan maganinsa a kan lokaci, yana jan ƙafar hagu, babban ɗansa ke riƙe da shagon. Na zauna gabansa na faɗa masa gaskiya cewa ban karanta takardarsa daidai ba. Ya ce, "Ɗana, haka Allah ya rubuta, ka dai kula da na bayana."

Kai da aka ce wa suganka ya ɗan hau amma ba ciwo ba ne, kada ka bar wurin sai an auna maka jini, ka kuma dubi lambobin biyu da tazarar da ke tsakaninsu. Ka nemi a duba kitsen jininka da ƙodarka, ka sake awon sugan duk shekara. In kana shan taba, ita ce ta farkon bari. In kana da sikila ko ƙarancin jini, ka faɗa wa likita, don gwajin da ke nuna sugan wata uku yana iya ba da lambar da ba daidai ba a irin jininka. Mu kuma da ake kawo wa takardu a gida da kyamis da ƙananan asibitoci, idan abu ya fi ƙarfin saninmu mu tura mutum wurin likita, kada mu sallame shi da "ba komai".