Yarinyar da ta je wanki Ruwan Bagaja

A wani gida da ke kusa da Ƙofar Guga a birnin Katsina, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta daina magana bayan rasuwar mahaifiyarta. Masu ta'aziyya suka yi ta ba ta haƙuri, ba ta tanka ba. A dare na tara kakarta ta jawo ta jikinta, ta fara ba ta tatsuniyar Ruwan Bagaja.

Labarin sananne ne. An ɗora wa 'yar bora laifin ɓata ƙirgi, aka kore ta ta je ta wanke shi a wani ruwa mai nisa. A hanya ta tarar da koguna suna yi mata tayin abinci, ta gode musu, ta wuce ba ta taɓa ba. Ta sauka gidan Cinya da Kare, ta gaishe su da ladabi, siffarsu ba ta ba ta dariya ba. 'Yar mowa kuwa ta ci, ta yi ba'a, ta dawo da asara.

A nan yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ita ma ita kaɗai ta tafi?" Tatsuniya ta ba ta wata yarinya da za ta jingina wa baƙin cikinta, ta yi tambayar da ta kasa yi a kan kanta.

Abubakar Imam ya san ƙarfin wannan suna. Yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya are shi ya raɗa wa littafin da ya shiga gasar 1933 da shi, ko da yake labarinsa daban ne.

Darasin kogunan ya fi nauyi a yau, da ake cike kududdufan birni da shara, ana sare bishiyoyi don itacen girki. Yaron da ya ji ruwa yana magana zai yi nauyin ƙazantar da shi.

Sai dai tatsuniyar na da tabo: sakayyar 'yar mowa ita ce kutare da makafi suka rako ta gida. Makahon yaron da ke sauraro ya ji an mai da shi horo. Marubucin da zai sabunta labarin ga yaran Katsina, wannan ƙarshen ne ya kamata ya gyara.